Geron da Aka Tono a Tsohuwar Ganuwa

Isa, Yuli 1984

Yaya Lawwali,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali a Kumasi. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da rai, ruwa ne dai har yau ana kallon gabas.

Na je gida Unguwar Lalle, kuma maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Irin shukarsa an ci shi tun cikin rani. Mata yanzu gidan tururuwa suke tonawa, su sheƙe 'yan ƙwayoyin da ta tara. A wajen tonon nan Gwaggo Habi ta fasa ƙasa a gindin tsohuwar ganuwar da kakanninmu suka yi zaman yaƙi. Ta fito da kawunan kibau, da likkafa guda, da guntun sulke, da tukwane biyu da aka liƙe bakinsu da laka. Shekarun da na yi a jami'a ina karanta tarihin Gobir ban taɓa riƙe ko tsinken mashi ba, sai ga yunwa ta yi mini aikin da fartanya.

Ni ƙarafan na je gani. Baba ko kallonsu bai yi ba, domin cikin tukwanen gero ne gauraye da toka, yadda ake ajiye iri. Ya tsufa ya yi ja, in ka murza sai ya zama gari. Baba ya ce mutanen da aka kewaye da yaƙi suka hana cikinsu wannan, ba don a sa shi a gilashin gidan tarihi a Sakkwato ba ne. Ya yi binne da shi a gonar fadama, rami bayan rami.

An yi yayyafi sau ɗaya. Geron Bawa maƙwabcinmu ya tsaga ƙasa, na Baba shiru. Kullum da hantsi yana can a tsugune.

Ranar da za ni dawo ya kira ni zaure ya ce, "Saude, ke da kinka yi karatu, zai tsira?"

Yaya, mutumin da ya tsufa yana shuka ba ni yake jira in gaya masa ba. So yake wani ya ce watakila. Na ce ba zai tsira ba, ya bari in kawo masa iri daga Isa.

"Ki kawo," in ji shi. "Amma ba cikin fadama ba. Akwai shuka can."

Iri za ni kai ranar kasuwar Bafarawa. Abin da ba ni iyawa shi ne tashe shi daga gonar nan, ya rame ƙwarai, rana na cinsa. Maganarka yake ji. Ka zo.

Ka gaida Anti Zulaihatu, da Yari, da Fatu ƙarama. Gwaggo Habi na gaisuwa.

Af, ran nan da na fito daga zaure Baba ya miƙo mini tukwanen wayam, da kibau a ƙunshe cikin tsumma, ya ce ga rabona na gadon. Ya jawo ƙyauren zaure ya rufe. Na aza su a kai kamar mai zuwa rijiya, na kama hanyar mota.

Ƙanwarka,
Saude