Jinin Da Ke Bin Motata

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Don Allah ki taimake ni kafin 'ya'yan da na haifa su mayar da ni ɗan ƙafa. Ni ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba, domin na ga waɗanda suka yi. Uwar yarana ce take rubuta wannan, na kuma ja mata kunne ta rubuta yadda ya fito daga bakina, ba ƙari ba ragi.

Ni magini ne. Tun ina saurayi nake ɗaga bulo, rabin katangun layinmu hannuna ne. Da na aje aiki na sayi 'yar motata da gumina, ba wanda ya sa mini ko taya. Tsohuwa ce, na sani, amma tsohon doki sai mai shi.

To, kwanakin baya sitiyarin ya fara yi mini gardama. Da can da yatsa ɗaya nake juya shi, yanzu sai na sa hannu biyu har da cije leɓe. In na zo kwana sai motar ta yi wani irin kuka kamar kyanwar da aka taka wa jela. Da safe abin ya fi tsanani. A daidai wannan lokaci kuma na fara tarar da jini a ƙarƙashinta. Ja wur, ta wajen gaba, kullum a gefe guda.

Ruwa ba ya tsami banza. Maƙwabcina mai kaji ne, sana'arsa yanka da figa. Mun daɗe tare, ni na gina masa rumfar da yake ciki, amma tun ran da na ce warin kajinsa yana shigo mini ɗaki yake gaishe ni da rabin baki. Ga kuma inuwar bishiyar da ke tsakaninmu, inda nake aje mota, shi kuma yana so ya jera kejinsa. Ki haɗa da kanki: mai yanka a gefe, jini a ƙasa, mota ta ƙi jin magana. Biri ya yi kama da mutum. Na canza wa motar wuri, na kai ta ƙofar gida, jinin ya biyo ta. Na shigar da ita tsakar gida na kulle ƙofa, da safe ga shi nan. Wane irin aiki ne yake shiga gida a kulle in ba na masu mugun nufi ba? Na je na faɗa masa a gaban masu sayen kaji cewa na san abin da yake binne mini. Ya ci gaba da fige kazarsa kawai, kuma kowa ya san shiru amsa ce.

Kada ki ce ban nemi magani ta wata hanya ba. Na buɗe bonet na ga wata 'yar gora da man cikinta ya yi ƙasa, na cika ta da man da nake da shi a gida. Mai ai mai ne. Abin ya yi sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo ya fi da, jinin ma ya ƙaru. Ashe mutumin ba da wasa yake ba.

(Ni mai rubutu: man birki ya zuba, ragowar na bara. Kuma ni nake share jinin nan. Ba ya bushewa, ƙuda ba ya bin sa, santsi gare shi. Na faɗa masa, ya ce me mace ta sani game da jini.)

Sai ranar da zan shigo layi, na murɗa, motar ta ƙi murɗuwa, na je na sumbaci ginshiƙin rumfar mai kajin. Fitila ta fashe, kaji suka watse. Ginshiƙin ko gezau, domin ni na gina shi, amma ba wanda ya tsaya ya yaba wannan.

Nan fa babbar 'yata ta zo. Ma'aikaciyar asibiti ce, ni na biya mata karatun da yau take auna ni da shi. Ta kama hannuna tana matsawa, ta ce in ɗaga, in sauke, in yi murmushi, wai tana duba ko shanyewar jiki ce take tafe. Ƙarshe ta yanke hukunci wai ƙarfin hannuna ne ya ƙare, tuƙi ya fi ƙarfina. Ni! Hannun da ya ɗora rufin gidan da take kwana a ciki. Ta ce ƙarshen mako za ta zo ta karɓi makulli ta ba mijinta ya riƙe, duk inda za ni shi zai kai ni. Surukin nan nawa bai taɓa ɗaga abin da ya fi waya nauyi ba, kuma in ya tuƙa ka sai ka yi ta salati. In zauna ina jiran yaron da ya durƙusa ya nemi 'yata kafin in je gaisuwa ko in leƙa abokaina? Gara in koma hawan keke.

Bakanike kuwa kada ki ambata mini shi. Wanda ke bakin titi, na san shi tun yana yawo ba wando, ba zan je ya yi mini dariya ba.

Abin da nake so kawai, ki rubuta a jarida cewa hannuna lafiya lau, kuma aikin mai kaji ne, in sa a karanta wa 'yar nan. Ita abin da aka buga kawai take yarda da shi.

Naki,
Tsohon Magini Da Ba A Gode Wa

Amsa

Baba Magini, sannu da fama. Rabin abin da ka roƙa zan ba ka, rabin kuma sai dai ka yi haƙuri.

Bari in fara da mai daɗin. Ban ga hannunka ba, ni ba likita ba ce, amma duk abin da ka lissafa ya fi kama da ciwon mota. Sitiyarin irin motarka mai ne yake taimaka masa: akwai famfo da ke tura man ta cikin tiyo, shi ya sa da yatsa ɗaya kake juyawa. In man ya yi ƙasa, famfon sai ya riƙa zuƙar iska, ya yi kukan kyanwar nan, sitiyari ya sandare. A wannan hali ko ɗan dambe aka ba sai ya cije leɓe. Mai yiwuwa 'yarka ta bar jaki tana dukan taiki.

Sai mai ɗacin. Baba, jinin nan naka man sitiyari ne, galibinsa ja ne. Ya bi motar har tsakar gida ne saboda a cikinta yake. Ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ka duba da safe: jini yana bushewa ya yi baƙi, mai kuwa yana nan da santsinsa. Kana da mai binciken da ta gano haka tuntuni, da tsintsiya a hannu. Ka sa a sake karanta maka wasiƙarka daga farko har ƙarshe, za ka ji wani wuri da ba daga bakinka ya fito ba, kuma shi ne wurin da ya fi hankali.

Batun mai ai mai ne, in tambaye ka: in yaron aiki ya kwaɓa maka toka a madadin siminti, ya ce ai gari gari ne, da me za ka bi shi? Man birki yana kumbura robobin da ke riƙe man sitiyari, ya lalata su. Ɗan yoyon da kake da shi, kai ka buɗe masa ƙofa. In akwai wanda ya yi wa motar nan asiri, to a gidanka yake kwana, kuma da hularka yake fita.

Ga abin yi. Kada ka sake tuƙa ta a haka. Wannan karon ginshiƙi ne, gobe ɗan wani ne. A kira bakanike ya zo gida, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka zuba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai zuƙe man duka ya wanke hanyarsa, ya duba tiyo, famfo da robobi ya ga inda ke ɗiga, ya duba bel ɗin da ke juya famfon ko ya saki. Ya kuma tabbatar jan man ba daga giyabos, wato akwatin giya, yake fitowa ba, domin nasa ma ja ne. A zuba irin man da aka rubuta a murfin gorar ko a littafin motar, daidai layin da aka zana, ba a cika fal ba. Daga nan ka riƙa leƙa gorar lokaci-lokaci, injin a kashe. In ka ga man yana kumfa, ko ya yi baƙi yana ƙauri, ko yana raguwa, to da sauran gyara. In bakaniken ya yi maka dariya, ka bar shi. Ya sa wando yanzu, ya kuma koyi sana'a.

'Yarka kuwa tsoro ne ya kama ta, ba raini ba. Ubanta ya daki ginshiƙi, dole ta kama hannunsa. Kada ka jira ta zo ta karɓa. Kai ka miƙa mata makullin da kanka, ka ce ta riƙe har a gama gyara, sannan ta zauna a gefenka ka zaga da ita layi. In ka sha kwana lafiya, makulli naka ne, da girmanka. In kuma an gyara amma hannun ya ƙi, to ka bi ta asibiti ba gardama, ka kuma koyi salati a motar suruki.

Saura mai kaji. Ka zarge shi a gaban masu sayayya, to a gabansu za ka ba shi haƙuri, kada ka naɗe tabarmar kunya da hauka. Ka sayi kaza mai ƙiba a wurinsa ka kai wa Mama mai rubutu, ita ce ta ceci motarka. Ka tsaya ka kalli yankan da kyau, don ka ga yadda jini na gaskiya yake.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sassauta sitiyari, ya sassauta mai tuƙa shi.

'Yarka,
Mai Fili