Abin da Na Faɗa a Kan Babur

Litinin, 4 ga Oktoba

Yau ma an yi wa kakata Ama ƙarya. Mama ta zare wayar talabijin ɗinta ta ce ta ƙone, kamar yadda aka ce mata wayar jirgin Baba ce ta lalace, shi ya sa ba ya kira. Likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ita ta haife shi, amma a duk garinmu Donggang ita kaɗai ce ba ta san 'yan fashin teku sun kama ɗanta tun kafin a ba mu hutu ba.

Ni aka ɗora wa kai mata abinci sama, don an san ba na magana. Karo na farko ke nan da shiruna ya yi wa wani rana.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Na raka Mama ofishin ƙungiyar masunta. Maigida Fang, mai jirgin, yana can yana taunar goron binlang yana tofar da jan yawu a kofin takarda. Akwai kuma wani da aka turo daga babban birni, Laftanar Shao, shi ne ke magana da sojojin ruwan ƙasashen da ke gadin wancan tekun.

Yatsunsa dogaye ne. Kai, Pei-shan, ki ji kunya.

Ya ce an sauke sauran ma'aikatan a tudu, an bar Baba da mai kula da inji, wani ɗan Indonesiya wai shi Darmaji. Yanzu da jirginmu suke fita farautar wasu jiragen, Baba ne ke tuƙa su da bindiga a ƙeya. Wani jirgin yaƙi yana biye da su daga nesa.

Da na ji jirgin yaƙi sai na ji sanyi a raina. A littafin soyayyar da na karɓo haya makon jiya, jarumin da igiya ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu, rigarsa a yage, bai bar ko ƙwarzane ya taɓa yarinyar ba. A hanyar gida na yi ta sa masa fuskar Laftanar. Mura yake yi, amma a cikin kaina na warkar da shi.

Asabar, 9 ga Oktoba

Kawu Bun-hiong, ƙanen Mama, ya zo da kan kifi da surutu.

"Yaya, in ana biyan mutanen nan gobe ma za su kama wani. A buɗe musu wuta kawai, a huta!"

Mama tana yanka citta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Harsashin zai tsaya ya tambayi wane ne mijina?"

"Sojoji ne fa, sun san aikinsu."

"Kai ma ka san aikinka, ga yatsanka nan guntu."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ni dai a zuciyata ina bayan Kawu. Ban faɗa ba.

Talata, 12 ga Oktoba

Sun yi harbi.

Laraba, 13 ga Oktoba

'Yan fashin ne suka tasam ma wani jirgin dakon mai, jirgin yaƙin ya matso, aka yi musayar wuta. Daga sama an hango ana jefa gawa biyu a ruwa daga jirginmu. Ba a ga fuska ba.

Mama ta wanke tukunya ɗaya har sau ban san nawa ba. Na kai wa Ama kunun shinkafa, ta ce gishiri ya yi yawa, wa ya yi kuka a ciki? Wasa take. Na fito da gudu.

Ni ce na roƙi jirgin nan ya matso. Kullum in na kunna turare abin da nake roƙo ke nan.

Alhamis, 14 ga Oktoba

An nemi shaidar cewa Baba yana raye, amma ba za a ji muryarsa ba. Mai magana da yawun 'yan fashin yana tudu, jirgi yana teku, sai dai a aika saƙo ta rediyo a jira. Laftanar ya ce mu kawo tambayar da Baba kaɗai zai iya amsawa. Kada ta zama abin da ke cikin takardunsa ko wayarsa, ko abin da ya taɓa ba ma'aikatansa labari.

Mama ta ce ranar aurensu. An ce tana cikin takarda. Ta ce sunan makarantata. Yana bayan hoton da ke jakarsa. Can ta fashe da wata irin dariya.

"Shekara ashirin da aure, in ka tattara kwanakin da ya yi a gida ba su kai shekarun kyanwarmu ba. Me zan tambaye shi? Kalar labule?"

Maigida Fang ya ce, "Matar Kyaftin, a daure."

Sai na ja takarda na rubuta. Na tura wa Laftanar ba tare da na dube shi ba: *Zuwanka na ƙarshe, a kan babur, me na ce maka ina so in zama?*

Ya karanta ya ce, "Wannan ta yi." Ya tambayi amsar, na rubuta a ƙasa, *mai yi wa amare kwalliya.* Bai yi dariya ba. Kunnuwana kamar an sa musu garwashi.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Baba. A littafi uba ba ya manta irin wannan.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Shiru. Na buɗe littafi, shafi ɗaya na yi ta bi har Mama ta kira ni cin abinci.

Laraba, 20 ga Oktoba

Amsa ta zo. *Malamar asibiti.*

Laftanar ya cire tabarau ya goge. Ya ce irin amsar da mai canki yake bayarwa ce, duk uban da aka tambaya game da 'yarsa haka zai ce, to balle ɓarawon da ke son a ɗauka mutum yana raye. Dole ya rubuta cewa babu shaidar rai. Mama ta ce in ya rubuta sai me? Ya ce masu jirgin yaƙin sun daɗe suna haƙuri saboda mutanen da ke ciki ne. In babu kowa a ciki, to jirgin ɓarayi ne kawai, kuma akwai wasu iyayen a wasu jiragen da yake farauta.

A hankali ya faɗa, da ladabi. Da ma tsawa ya yi.

Maigida Fang ya sauke numfashi. Ban ce murna yake ba. Na dai ga kafaɗunsa sun sauka.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Ban je makaranta ba. Na kwanta ina maimaita ranar nan.

Daga kasuwar kifi muke. Babur ɗin yana ƙara kamar zai tarwatse. Hular kwano a kansa. Kunnensa na hagu injin jirgi ya kashe shi tun ban san kaina ba, kuma ta hagun na kwantar da kaina. Ni kuwa da ko malama a aji sai ta ce in maimaita. A cikin rigarsa na faɗa, kamar mai raɗa wa matashin kai.

Ya ce, "Mm."

Baba komai "Mm" yake cewa. Ka ce masa gida ya kama da wuta, "Mm."

Bai ji ba. Bai taɓa ji ba. Ni ce na ɗauki "Mm" ɗin nan na yi ta yi masa ado wata da watanni, har ya zama wai ya juyo ya yi murmushi. Ina ya juyo, yana tuƙi?

In kuwa haka ne, malamar asibiti amsar Baba ce sak. Abin da zai so ke nan. Ko kuma ɓarawo ne ya canka. Wayyo, ban sani ba, ban sani ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba

Na je ofishin ni kaɗai. Na tsaya a bakin ƙofa har mai shara ta ce, "'Yar Kyaftin, shiga za ki yi ko gadi aka ɗauke ki?"

Maza cike da ɗaki, hayaƙin taba. Na ce ina da magana, ba wanda ya ji. Na sake. Maigida Fang ya ce, "Me? Ɗaga murya, yarinya, ba a haikali muke ba."

Sai na ji wata murya ta fito, ban san tawa ce ba. Na ce tambayar ce ba ta da kyau. Na ce Babana bai san abin da nake so ba, bai san ajin da nake ba, in ya gan ni a kasuwa cikin ƙawayena sai ya duba sau biyu. Na ce wannan ba ya nufin ya mutu. Na faɗa a gaban mutanen da suke shan giya da shi.

Wani tsoho ya ce, "Ai ni ma da za a tambaye ni, da tuni an yi mini jana'iza." Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba daɗi.

Laftanar ya ce takardar tana kan teburinsa, zai riƙe ta zuwa tsakiyar mako, fiye da haka ba a hannunsa yake ba. Tambaya ɗaya ta rage mana.

Kusa da shi na tsaya. Warin man zafi yake.

Asabar, 23 ga Oktoba

Ni da Mama mun zauna mun juye rayuwarsa kamar aljihun wando. Babu komai. Duk abin da muka sani ma'aikatansa sun fi mu sani.

Mama ce ta fara duban silin. Ɗakin Ama yana samanmu.

"Ki hau ki ja ta da hira. Labarin yarintarsa. Amma in kika bari ta gane, Pei-shan, ki sani gawa biyu za mu yi."

Lahadi, 24 ga Oktoba

Na ce mata aikin makaranta ne, an ce mu rubuta tarihin iyaye. Tana tsefe kanta a gaban taga.

"Makarantarku ta iya tambaya. Wata huɗu ba ta tambayi ubanki ba sai yau."

Na ce eh.

"Talabijin ta ƙone, waya ta lalace, maƙwabta in sun hango ni sai su tsallaka titi. Surukata ta rame kamar busasshen kifi. Ke kuma kina kawo mini kunu kina kallon ƙafarki. Na yi kama da wadda aka haifa jiya?"

Na sake kallon ƙafata.

"Yana raye?"

Na ce ba mu sani ba. Na faɗa mata duka, har da babur. Ina jira in ga ta dafe ƙirji. Sai ta ajiye matsefi a cinya, ta daɗe tana duban tashar jiragen.

"Tun watan da ya wuce nake zuwa haikalin Uwar Teku ta ƙofar baya ina yi masa roƙo. Kuna ɓoye mini, ina ɓoye muku. Gidan mahaukata."

Ta ce 'ya'ya maza biyu ta binne kafin shi, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife shi sai ta huda masa kunne ta sa masa ɗan kunne kamar mace, ta raɗa masa mummunan suna, don aljanu masu ɗaukar yara su wuce su ce wannan ba abin ɗauka ba ne. Da shi ta riƙa kiransa har ya shiga makaranta, ranar ya yi rantsuwa in ta sake faɗa zai faɗa teku.

"Ko uwarki ba ta sani ba. Matso da kunnenki. Na dama, ba irin na ubanki ba."

Kashin Alade.

Na yi dariya, majina da hawaye, ita ma haka. Ta ce, "Ya hana su ɗaukarsa sau ɗaya. Je ki."

Litinin, 25 ga Oktoba

An aika. Laftanar ya karanta amsar ya dube ni, na dube shi. Ban sunkuyar da kai ba, mantawa na yi.

Laraba, 27 ga Oktoba

Ba labari. Yau ce tsakiyar mako. Ama ta sauko ƙasa da kanta ta zauna kusa da waya, Mama ta kawo mata matashin kai.

Na kunna turare. Na ce kada kowa ya je cetonsa. Kowa ya tsaya inda yake, don girman Uwar Teku, kowa ya tsaya.

Alhamis, 28 ga Oktoba

YANA RAYE.

Saƙon ya bi ta bakin mutum uku da harshe uku kafin ya iso, ya zama "najasar alade", amma shi ne. Maigida Fang ne ya karanta, yana ƙoƙarin gimtse fuska. Da sauran magana a ƙasa: "Ku ce wa tsohuwar nan ba ta da amana."

Ama ta ce, "Shi ne. Ɗan banza."

Laftanar ya yaga takardarsa ya rubuta wata. Jirgin yaƙin zai ja baya, za a koma cinikin kuɗin fansa. Ya ce zai iya ɗaukar watanni, kada mu sa rai da wuri.

Gawa ɗaya ta ɗan fashi ce. Ɗayar ta Darmaji ce. Na tambaya ko an gaya wa mutanensa, aka dubi juna. Su ba wanda ya ce su kawo tambaya.

Asabar, 30 ga Oktoba

Akwai layi na ƙarshe a saƙon, Laftanar bai bari a karanta a gaban mutane ba. Yau ya tsayar da ni a bakin ofis ya miƙo mini.

*Yarinyar, me ta ce a kan babur? Ban ji ba.*

Ya ce gobe za a aika saƙo, akwai wurin layi ɗaya, in ina so ya sa amsar, ai yana da ita a rubuce.

Na ce a'a.

Ya ɗauka kunya ce, ya ce ba wanda zai gani sai mai fassara. Na ce ba haka ba ne. Na karɓi biron hannunsa na rubuta da kaina, manyan baƙaƙe yadda ko ɓarawo ba zai kuskure ba.

Mama ta ce wannan rashin kunya ne, mutum yana hannun 'yan bindiga. Wataƙila. Tun ɗazu ina ta tunanin in ba a sake samun wani saƙon ba fa? Har na sa takalmi zan koma in canza. Na cire.

*Ka dawo ka tambaye ni.* Abin da na rubuta ke nan.