Zoɓon Awadiya

Al-Ubayyid

Ƙanena Mirgani,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya Ihlas da yara? Na ji an sa maka bututu a ciki, kana wankin ƙoda a gida. Madalla. Ga buhun zoɓo na ba direba, na bana ne, ja wur. A jiƙa da ruwan sanyi, kada a dafa, na san matarka da gaggawa. Dafaffe hau da jini yake yi, jiƙaƙƙe ke saukar da shi. Safe da yamma, ka ji ko? Shekara da shekaru da shi nake riƙe maka jinin nan, likitoci suna karɓe godiya.

Yayarka, Awadiya

Wad Madani

Yaya Awadiya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙo ya iso, Allah ya saka. Wankin ba wuya. Ihlas tana rataya ledar ruwa, ya shiga ciki ya zauna, in an fitar sai ya fito fiye da yadda ya shiga. Kumburin ƙafa ya tafi, har takalmina sun yi mini yawa. Sai dai ranar Juma'a ina jan salla, ina ɗagowa daga sujada idona ya rufe, na faɗi a gaban sahu, ladan ya ƙarasa sallar. Dattawan masallaci sun ce in ya sake faruwa za su nemi wani liman. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ƙanenki mai biyayya, Mirgani

Mirgani,

Sallama. Innalillahi! Hawan jini ne, haka ya kayar da Baba a kasuwar hatsi. Na rantse dafa zoɓon nan ake yi! A ƙara maka kofi ɗaya na zoɓon da rana, kada gishiri ya ko leƙa tukunyarka. Dattawan kuma su jira ni, tun suna tsallake katangar makarantar allo na san su.

Awadiya

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Ihlas ce. Malam ya kasa rubuta miki wannan, kunyarki yake ji. Wallahi ban taɓa dafa zoɓon ba. Mun je asibiti, likita ta auna shi a kwance, ta auna shi a tsaye. Jinin sauka ya yi, Yaya, ba hawa ba. Ta ce wankin nan kullum yana janye ruwa da gishiri daga jijiya, in ya miƙe jinin ba ya kai wa kai da wuri. Ga tsoffin ƙwayoyinsa na hawan jini, ga zoɓo sau uku, duk ƙasa suke jansa. Ta canza masa ruwan wankin zuwa marar ƙarfi, ta rage ƙwayoyin, ta ce a ajiye zoɓo, a ɗan sa gishiri a miya. Ya ce shi ba zai ajiye ba sai da izininki, wai ke kika raine shi. Dattawa sun ba shi Juma'ar nan kawai. Don Allah ki sake shi.

Ƙanwarki, Ihlas

Ihlas 'yar albarka,

Sallama. Ki raba wa maƙwabta buhun, ki ce masa ni na ce. Ki yafe mini zargin dahuwa. Ina hanya ranar Alhamis, da ɗan kifi mai gishiri, ki tambayi likita ko zai ci. Ki kama mini wuri a sahun mata. Daga bayan labule ba zan gan shi ba, kabbarar tashi daga sujada kawai zan saurara.

Awadiya