Tubalin Rumawa

Ƙanena Milutin,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Tana cin abinci kuwa?

Lafiyata ƙalau a birnin Viyana, bayana ne kawai ke ciwo. Ranar Lahadi na tura tsohuwar da nake jinya a kekenta zuwa kangon sansanin Rumawan dā, a bakin kogin Danub ɗinmu, wanda ke bi ta ƙauyenmu ma. Na dafa wani tubali in huta, ta daka min tsawa: "Zorka, cire hannunki! Kin san darajarsa?"

Na sani mana. Da irinsa, da ya kwaso daga kangon Rumawa na gefen ƙauyenmu, Baba ya gina ɗakin tumakinmu.

Ka ce Mama ta fara manta mutane, ni kuwa shekara shida ina wanke uwar wasu. Ga hotona a wurin, ka nuna mata. In ta gane tubalin ba ta gane ni ba, kar ka faɗa min.

Allah ya ba ta lafiya.

Yayarka,
Zorka