Taswirar Valmeran

Sansanin yaƙi, gaban Valmeran,
9 ga Yuni, 1709.

Zuwa ga mai ɗakina Esther,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewarki, ina fata kina lafiya, ke da yaran. Yaya tarin nan naki? Kada ki ce mini ya tafi alhali yana nan, na san halinki. Ki gaida mini fasto da 'yan'uwa na majami'armu ta Berlin, har da waɗanda ba sa amsa gaisuwata.

Kin ga sunan garin a saman takarda. Duk faɗin iyakar Faransa da muke yaƙa, rundunarmu ta rasa inda za ta yi zango sai mahaifata. Jiya na hau tudu na dubi ganuwar da na gina ina ɗan shekara ashirin da biyar, lokacin ina injiniyan sarkin Faransa, kafin ya rushe majami'unmu ya ce ko mu koma Katolika ko mu ɗanɗana kuɗarmu. Tana nan da kusurwoyinta biyar, ko tubali ɗaya bai goce ba. Na ji alfahari, ban ɓoye miki ba.

Ƙanwata Judith tana ciki, Esther. Ita ta sa hannu a takardarsu ta komawa Katolika ta zauna don jinyar mahaifiyarmu, ni kuwa na tsere da taswirar garin a cikin rigata, wadda ke kika ɗinke bakinta. Shekara ashirin da huɗu ke nan. Wasiƙarta ta ƙarshe ta shekara tara, kuma babu komai a ciki sai lafiya lau da labarin sanyi.

Yau Janar ya kira ni. Kin san mutanen nan da na yi hijira wurinsu. Na gina musu ma'ajiyar makamai, na gina gadoji, na gina bargar da ta fi gidan da muke ciki kyau. Fadar da na zana kuwa aka miƙa wa wani ɗan Italiya, ya jera gumaka tsirara a kan rufin ya liƙa sunansa. Har yau babu mai kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Janar ya ce, "Bafaranshe, kai ka haifi abin nan, kai ka san inda yake masa ciwo. Ko ka nuna mini, ko in yi wa garin ruwan wuta tun daga kasuwa, sannan in saki yarana a ciki. Zaɓi ya rage naka, ni ba na gaggawa."

Ka'idar sana'armu a fili take. Idan aka fasa ganuwa har soja zai iya hawa, gwamnan gari yana iya miƙa wuya da mutuncinsa, ba a taɓa farar hula. Idan abin ya yi tsawo har aka shiga da ƙarfi, sai a bar wa sojoji garin kwana uku, kuma na taɓa ganin garin da aka yi wa haka.

Sai na shimfiɗa taswirata. Gidanmu yana kan tudu, daf da kasuwa. Kusurwar arewa kuwa a kan fadama take, kuma a kan turakun itace na kafa ta, don an hana ni dutse an hana ni lokaci. Bayanta babu kowa sai ramukan majema da juji, wari ma ba ya barin mutum ya tsaya. Nan na ɗora yatsana. Na ce masa kwana goma sha biyu, amma da sharaɗin kada igwa ko ɗaya ta kalli kasuwa. Ya yi dariya ya ce ya yarda.

Tsoro nake ji, amma ban ga wata hanyar da zan fitar da Judith da rai ba. Ki sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Gédéon Sarrault.

Sansanin yaƙi,
24 ga Yuni, 1709.

Esther tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan jikin da sauƙi, yaran kuma ba sa wahalar da ke. Takardarki ta iso, na ga kin sake cewa tarin ya tafi.

A gurguje nake rubutu. Kwana goma sha ɗaya ya ɗauka, ba goma sha biyu ba. Mun ja ramuka a karkace har gindin fadama, muka kafa igwa ashirin. Ni da kaina na riƙa bi ina gyara bakin kowace, don ban yarda da idon kowa ba. Wani mai harbi ya so ya gwada hannunsa a kan hasumiyar cocin kasuwa, na sa aka ɗaure shi a ƙafar keken igwa har rana ta yi tsaka. Turakun nan sun ruɓe yadda na zata. Yau da hantsi kusurwar ta zauna gaba ɗaya, kafin la'asar sun ɗaga farar tuta.

Babu wanda zai taɓa garin. Janar ya dafa kafaɗata a gaban hafsoshi ya ce, "Ashe Bafaranshen namu yana da amfani." Na haɗiye, don yau babu abin da zai ɓata mini rai. Daga nan ina hango rufin unguwarmu, babu ko hayaƙi a kansa. Gobe zan shiga.

Mijinki,
Gédéon.

Valmeran,
27 ga Yuni, 1709.

Esther,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni dai ƙafafuna suna ɗauke da ni.

Gidanmu yana nan lafiya ƙalau, har an yi masa sabon fenti. Wani mai sayar da kyandir ne ya buɗe mini. Da na ambaci sunan Judith sai ya ce, "Su sababbin tuba? Ai sun daɗe da barin nan, maigida. Duk mai ɗan'uwa a rundunar maƙiya an karɓe gidansa tun shekara goma sha huɗu da suka wuce. An cike ramukan majema aka zuba su can, bayan kusurwar arewa."

Shekara goma sha huɗu. Judith ta yi ta rubuto mini bayan haka, ba ta taɓa faɗa ba, ko don ana buɗe wasiƙu, ko don kada in ji saboda ni ne. Ni kuma, babban injiniya, na auna ganuwa ta kowane gefe, na auna ruwan fadama, amma ban tambayi ko mutum ɗaya daga cikin fursunoninmu wane ne ke zaune a bayan bangon ba. Na ɗauka garin yana nan yadda na bar shi a takarda.

A kan ɓaraguzan kusurwar na tarar da 'yarta Débora, wadda na bari a goye. Yanzu ita ma da goyonta. Ta dube ni ta ce, "Kai ne kawu Gédéon. Ba sai ka faɗa ba, hancin nan na gidanmu ne." Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kuma da ma ta zage ni ɗin. Ta ce, "Ranar da igwa ta fara, Mama ta ajiye ƙullun burodi ta saurara. Ta ce, 'Duk wuri guda suke duka. Yaya ne ya zo, shi kaɗai ya san bangon nan.' Har murmushi ta yi, kawu. Mun so mu hau tudu, masu gadi suka tare hanya, wai irinmu za mu buɗe wa maƙiya ƙofa. Ranar ƙarshe na fita ɗibar ruwa, ita tana ciki."

Janar ya ba ni aikin sake gina kusurwar, wannan karon da dutse, kuma ya ce za a sassaƙa sunana a jiki. Sai an kwashe ɓaraguzan tukuna. Na sa Débora ta nuna mini inda ƙofarsu take, gobe da safe daga nan masu haƙa za su fara, ni kuma zan tsaya a kansu. Har yanzu ba a fito da Judith ba.

Ki yi addu'ar a madadina, ni na kasa. Ki gaida yaran.

Naki,
Gédéon.