Zaren Ya Ƙi Saki

Likoro, Litinin

Yaya Salman,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya Zariya? Na sauka lafiya, mace ce. Ga ɗigon jininta a takardar da ka ba ni, ungozomar asibiti ta ɗiba a diddige. Direban Kudan zai kawo maka.

Yaya, tsoro nake ji. In ta yi kuka sai in hau duba yatsunta ko sun kumbura, kamar yadda na 'ya'yana Uwaisu da Hamisu suka fara kafin sikila ta ɗauke su. Uwar mijina ta ce wabi nake yi, a riƙa kiranta Ajuji ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Ni Ummuhani nake so. Ba na iya faɗin wannan a waya, gidan cike yake da 'yan barka.

Ƙanwarka,
Hajo

Zariya, Laraba

Hajo,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Kin san ni da dogon bayani, yi haƙuri. Zaren DNA biyu, wato ƙwayoyin halitta, muke haɗawa a ɗakin gwaji: ɗaya yana neman gadon lafiya a jini, ɗaya gadon sikila. Da can riƙonsu sakwa-sakwa ne. Aikina shi ne na ƙara musu sinadarin da zai sa su damƙe abin da ya dace da su kaɗai, ko an ɗumama su ba sa saki. Ki ci abinci, ki bar yatsun yarinya su huta. Za ki ji ni kafin suna.

Yayanki,
Salman

Likoro, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Jibi suna, maigidana Mamuda har ya kawo rago daga Makarfi. Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Kai da ba ka iya shiru ko a wurin ta'aziyya! Shirun nan yana kashe ni. Don Allah faɗa mini.

Hajo

Zariya, Lahadi

Hajo,

Salam. Tun Alhamis na gani, na kasa ɗaukar wayarki. Zaren lafiya bai sami inda zai kama ba. Na sikila ya kama. Na sake gwajin, na ƙara wuta, ina roƙon Allah ya sa aikina ne ya lalace. Ban taɓa yin irin wannan addu'ar ba. Zaren ya ƙi saki.

Sai asibiti sun tabbatar. Amma su Uwaisu sai da suka kwanta muka sani, ita kuwa za a fara ba ta kariya tun kafin ciwo ya taso. Ni ma tsoron nake ji.

Yayanki,
Salman

Likoro, Litinin

Yaya,

Na karanta, na yi kukana a bayan ɗaki. An raɗa suna da safe. Na ce wa uwar mijina ba mai kiran 'yata da sunan juji, wannan karon mun riga ciwon sani. Ka zo da mota Laraba ka kai mu asibiti. Ummuhani tana gaishe da kawunta.

Ƙanwarka,
Hajo