Wayata Ta Nuna Mini Labarin Makon Jiya, Shinkafar Yayana Ta Bi Ruwa

Zuwa ga Shugaban hukumar da ke kula da harkokin sadarwa ta ƙasa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, na ji a rediyo cewa hukumarku tana karɓar ra'ayin jama'a kan abu biyu: ko a bar kamfanonin waya su riƙa fifita wasu shafukan intanet a kan wasu, da kuma ko gwamnati ta riƙa tace abin da mutane ke tura wa juna. Masu boko sun yi ta bayani, galibi da Turanci. Ni tsohon malamin gona ne mai cin fansho, ina zaune a Nassarawa cikin Birnin Kebbi. Abin da na kawo shi ne labarin shinkafar yayana, kuma da bakina aka yi ɓarnar.

Na ɗaya. Yayana Ummaru yana noman shinkafa a fadamar Argungu, dab da gulbi. A da, idan damina ta yi nisa, kara ake kafawa a bakin ruwa, a yi masa tsaga da wuƙa, a riƙa dubawa safe da yamma ko ruwa ya hau. Haka mahaifinmu ya yi har ya rasu. Da aka fara sa sanarwar sakin ruwan madatsa a shafin intanet, ni na raba Yaya da karansa. Na ce masa kara ba ya nuna komai sai ruwa ya iso, shafi kuwa yana faɗa tun da sauran kwanaki. Ya yarda da ni domin ni ne ɗan bokon gidan. Daga nan shi da maƙwabtan gonarsa suka riƙa kira na, in duba, in gaya musu.

Na biyu. A ƙarshen daminar da ta wuce na tsaya shagon wani mai sayar da kati a Gwadangaji, ya ce an fito da data mai araha. Na saya, ai mai fansho ba ya ƙetare araha. Bai gaya mini ba, kamfanin ma bai gaya mini ta yadda zan gane ba, cewa manhajojin hira kaɗai wannan data take buɗewa. Saƙon murya yana shigowa, bidiyon biki yana shigowa tar, don haka a ganina ina da intanet. Idan na taɓa shafin sanarwar ruwa ma yana bayyana. Ashe tsohon shafin da wayar ta adana ne take nuna mini, na makon da ya gabata. Babu wata alama da ta ce an rufe mini hanya.

Na uku. Ranar Talata Yaya ya yanke shinkafarsa, ya shimfiɗa ta a gona ta sha iska kwana uku kafin bugu, kamar yadda kowa ke yi. Ranar Laraba sai ga saƙon murya a zauren hirar manoma na waya, wani da ba a san shi ba yana cewa an buɗe madatsa, kowa ya kwashe abinsa. Irin wannan saƙo mun sha jin sa, mafi yawa ƙarya. Yaya ya kira ni. Na duba shafi, ban ga komai ba, na ce ya kwantar da hankalinsa, surutun 'yan waya ne. Har faɗa na yi a zauren, na ce a bar tayar wa talakawa hankali. Maƙwabcinsa Ɗantani, wanda dama bai taɓa gamsuwa da ni ba, ya nemo masu jirgin ruwa ya kwashe tasa ɗanya sharaf. Muka yi masa dariya.

Ranar Jumma'a da hantsi ruwa ya shigo fadama. Shinkafar da ke tsaye ta ɗan jure, wadda aka yanke kuwa ta bi ruwa. Abincin gidan Yaya na shekara ke nan, da irin da zai shuka baɗi. Da na sayi data ta sosai, shafin ya sabunta, sai ga sanarwa. Tana nan tun ranar Litinin, kafin lauje ya taɓa ko zangarniya ɗaya.

Na huɗu. Ban rubuto don in wanke kaina ba. Da na dubi kwanan watan da ke saman shafin, da na gane, kuma wannan sakacina ne. Amma ranka ya daɗe, a dubi tsarin da aka ɗora mu a kai. Jita-jita ta iso gare ni a araha, sanarwar gwamnati kuwa tana bayan ƙofar da ban ma san an rufe ba. Wa ya zaɓa mini wannan? Kamfani ne ya zauna ya yanke cewa hira ta wuce, labarin ruwa ya tsaya. Masu cewa a bar kasuwa ta daidaita kanta, ina gayyatarsu fadamar Argungu su yi wa Yaya wannan bayanin.

Masu cewa gwamnati ta toshe saƙonnin da ba ta tantance ba, su ma ban bi bayansu ba. A wancan makon ni ne mai tacewar zaurenmu, da ilimina da kyakkyawar niyya, kuma kun ji yadda ta kaya. Saƙon da na kira ƙarya shi ya tsirar da shinkafar Ɗantani. Da jami'inku ne a kujerata, da hatiminsa da ikon gogewa, da Ɗantani ma bai ji ba.

Don haka ina roƙon abu uku. A hana sayar da datar da ke zaɓar wa mutum shafin da zai shiga. Idan kaɗan ce a ba shi kaɗan ɗin, amma ta je ko'ina. Idan hakan ya gagara, a tilasta wa kamfani ya rubuta ƙarara, da Hausa, cewa wannan shafi a rufe yake gare ka. Sannan sanarwar ruwa, da ta annoba, da duk wadda rai ko abinci ya rataya a kanta, ta riƙa buɗuwa ga kowace waya, da data ko babu. Ban nemi diyya ba, na san ba ofishinku ke rabon shinkafa ba.

Makon jiya na je Argungu. Yaya bai ɗaga mini murya ba, bai ma ambaci maganar ba, ya sa aka kawo mini fura kamar kullum. Da yamma na bi shi bakin gulbi. A nan na ga sabon kara a kafe, da tsagarsa ta wuƙa. Ya duƙa ya duba, ya miƙe, muka koma gida. Tun ranar da ruwa ya shigo bai sake tambayata abin da waya ta ce ba, kuma wallahi wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a wannan kujera, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya kiyaye rumbun gidanka daga irin abin da ya sami namu.

Wassalam.

Bawa Na-Gulbi,
Tsohon malamin gona,
Nassarawa, Birnin Kebbi.